Ga ƙanenmu mai in'ina da aka ce bai iya mu'amala ba

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da daddare na karanta tambayarka, amma na ƙi amsawa a gurguje domin batun ya taɓa ni. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu ya gama digiri a fannin akanta shekara biyu da suka wuce, sakamakonsa mai kyau, an kira shi intabiyu sau biyar ba a ɗauke shi ba. A na ƙarshe wani cikin masu tambayar ya ce masa takardunsa ba su da laifi, sai dai bai iya mu'amala ba. Yana da in'ina tun yana yaro. Shi ne yake son sanin mece ce wannan ƙwarewar, koyonta ake yi ko da ita ake haihuwar mutum, kuma ko in'inar ce ta rufe masa ƙofa.

Shekara 14 na yi a sashen kula da ma'aikata, na zauna a teburin intabiyu fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Bari in fara da wani kuskure da na tafka a farkon aikina, wanda har yau ina jin nauyinsa. Muna neman mutum ɗaya a ofishin kuɗi. Wani saurayi ya shigo, bakinsa kamar zuma, duk tambayar da aka jefa masa sai ya cafe. Na ba shi maki mafi yawa, na kuma ja ra'ayin sauran. Akwai wata baiwar Allah da ta zo ta uku, mai sanyin murya, ba ta amsawa sai ta ɗan yi shiru. Wata huɗu da fara aikin saurayin nan aka gano ya yi kuskure a lissafin albashi, ya kuma san ya yi, amma ya rufe har mako uku yana fatan ba wanda zai lura. Gyaran da zai ci rabin awa sai da ya cinye mana kwanaki, wasu ƙananan ma'aikata kuma suka sha wahala ba gaira ba dalili. Daga baya wani gurbi ya samu aka kira waccan matar. A satinta na biyu ta ƙwanƙwasa ƙofar shugabanta ta ce ta shigar da wasu lambobi ba daidai ba, ga inda ta kuskure, ga yadda take ganin za a gyara, tana neman izini. Ranar na gane cewa abin da na auna a intabiyun zaƙin baki ne, alhali abin da ofishin ke bukata wani abu ne daban.

Don haka ka fara raba abu biyun nan a ranka. Santsin harshe daban, iya isar da saƙo daban. Idan mai ɗaukar aiki ya san abin da yake nema, to abin da yake nufi da iya mu'amala bai wuce waɗannan ba: in ka ce za ka kawo aiki ranar Laraba ka kawo, in ka ga ba zai yiwu ba ka faɗa tun ranar Litinin, in ana yi maka bayani ka saurara har a kai aya, sannan ka maimaita abin da ka fahimta a taƙaice don a tabbatar kun daidaita, in an yi maka gyara kada fuskarka ta canza har mutum ya ji tsoron sake gaya maka gaskiya, in ka rubuta saƙo, wanda ya karanta ya san me kake so ya yi ba sai ya kira ka ba. Duba su da kyau. Wanne ne a ciki in'ina ke hanawa?

Na fi tsayawa a kan faɗin matsala da wuri, domin shi ne na ga ya fi ɗaga mutane, rashinsa kuma ya fi kayar da su. Sabon ma'aikaci yakan ɗauka cewa tambaya ko amsa laifi zubar da ƙima ne. A wurin shugaba mai hankali kuwa, ma'aikacin da ya fi tsoro shi ne wanda kullum amsarsa "ba matsala", domin ba a sanin halin da ake ciki sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A shekarar 2012 kamfanin Google ya fara wani bincike a kan rukunonin ma'aikatansa kimanin 180, yana neman dalilin da wasu ke fin wasu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne ko mutum yana da kwanciyar hankalin yin tambaya da amsa kuskure a gaban abokan aikinsa ba tare da fargabar wulaƙanci ba. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta riga ta yi rubutu a kan haka tun 1999. Wannan ya yi daidai da abin da na gani da idona a ƙaramin ofishi.

Ko ana koya? Ƙwarai kuwa, har da girma. A birnin Lome na ƙasar Togo an yi wani gwaji da masu ƙananan sana'o'i 1,500, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2017. An kasa su uku. Wasu aka koya musu darussan kasuwanci da aka saba, irin su ajiye lissafi da talla. Wasu aka horar da su a kan hali: fara abu ba sai an tura ka ba, hango matsala tun kafin ta zo, da dagewa in an gamu da cikas. Na ukun ba a ba su horo ba. Cikin shekara biyu ribar waɗanda aka horar a kan hali ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, ta masu darasin da aka saba kuwa da kashi 11. Manyan mutane ne masu iyali, ba yara ba, kuma sun canza. Kai da kake farkon tafiya ka fi su sauƙin lanƙwasuwa.

Kada kuma ka ce tunda akanta ka karanta, kai da lambobi ne kawai. Masanin tattalin arziki David Deming ya bi diddigin ayyuka a Amurka daga 1980 zuwa 2012, ya gano cewa ayyukan da ke bukatar hulɗa da mutane sosai sun ƙaru, kuma waɗanda suka fi bunƙasa a yawa da albashi su ne masu haɗa iya lissafi da iya hulɗa. Dalilin a fili yake. Kwamfuta na iya haɗa jimla, amma zama da shugaban wani sashe a fahimtar da shi cewa kuɗin da ya kashe ba su da rasit, ba tare da an ɓata ba, wannan sai mutum.

Yanzu batun in'inar. Ba zan ɓoye maka ba, akwai masu intabiyun da da zarar sun ji mutum ya sarƙe a kalma sai su yanke hukunci a zuci, su ce tsoro ne ko rashin shiri. Zalunci ne, kuma mai yiwuwa ka gamu da shi a cikin biyar ɗin nan. In'ina ba alamar ƙarancin basira ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana da ita, maza sun fi yawa. Ka kuma tuna Annabi Musa, alaihis salam, lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna: ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, ya nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna wanda ya fi shi fasahar magana. Ya ambaci abin da ke damunsa, ya nemi taimako, ya kuma tafi aikin.

Shawarata ita ce ka riga su faɗa. Bayan gaisuwa ka ce: "Ina da in'ina, wani lokaci kalma takan ɗauke ni ɗan lokaci, ku yi mini haƙuri in kai ƙarshe da kaina." Na ga wanda ya yi haka a gabana, nan take ɗakin ya sake. Shi ya daina kokawar ɓoyewa, wadda ita ce ke ƙara ɗaure harshe, mu kuma muka daina hasashe muka koma sauraron abin da yake faɗa. Kana ma iya rubutawa tun ranar da aka gayyace ka, ka nemi ƙarin mintuna, ko a haɗa da gwajin aiki a aikace. Wannan ba bara ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006 kuma ƙasashe sama da 180 suka shiga, ta yi magana a sashe na 27 kan hana wariya wajen ɗaukar aiki da kuma yi wa ma'aikaci sassaucin da ya dace. Wurin da ya ƙi ɗan wannan sassauci tun a bakin ƙofa ya riga ya nuna maka irin zaman da za a yi a ciki.

Sai dai kada ka ɗora wa in'ina komai. Yawancin waɗanda na ga sun faɗi, da masu in'ina da marasa ita, siffa suke kawowa a maimakon hujja. "Ni mai gaskiya ne, ina da haƙuri, ina son aiki da mutane." Kowa haka yake cewa. Ka zauna ka tono labarai biyar ko shida na gaske daga rayuwarka: lokacin da kuka yi saɓani da abokin karatu a aikin haɗin gwiwa, lokacin da ka yi kuskure ka gyara, lokacin da aka ba ka amanar kuɗi. Kowanne ka tsara shi a jimloli huɗu ko biyar: halin da ake ciki, abin da ya rataya a wuyanka, abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare. Ka riƙa faɗa da murya a gaban wani da ba ya jin nauyinka, ba a zuci ba. Ga mai in'ina ribar ninki biyu ce, domin ba ya haɗa neman abin faɗa da neman hanyar fitar da shi a lokaci guda.

In ka duba ka ga labaran sun yi kaɗan, to nan ne aikin yake. Shekara biyu a zaune giɓi ne da za a tambaye ka a kai. Ka nemi wata ƙungiya ko ƙaramar sana'a da lissafinta ya rikice, ka ce za ka daidaita mata na wata uku ko da kyauta ne, da sharaɗin za a rubuta maka takardar shaida mai faɗin ainihin abin da ka yi. Ka ƙware a Excel, manhajar kwamfuta ta tsara alƙaluma, sosai, ka koyi manhajar akanta ɗaya kamar QuickBooks.

Game da zaɓen hanya, Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin ba da shawarar sana'a a Boston a 1908, ya tsaya a kan abu uku: ka san kanka, ka san ayyukan da ke akwai da abin da suke bukata, sannan ka auna biyun da hankali. Na lura matasa sun fi rauni a na tsakiya. Akanta gida ne mai ɗakuna da yawa: binciken asusu, haraji, albashi, lissafin kaya, nazarin alƙaluma. Wanne kake nema, ko duk tallar da ka gani kake tura takarda iri ɗaya? Hanyar sanin ɗakunan nan ita ce tambayar mazauna cikinsu. Ka nemi mutum biyar masu aikin, ka roƙi minti 15, kada ka ce su samar maka aiki, ka tambaye su yadda ranarsu take da abin da sababbin shiga suka fi kuskurewa. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 cewa labarin aiki ya fi zuwa daga waɗanda ka sani sama-sama, domin na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani. Tsohon malaminka da ɗan ajinku da kuka daɗe ba ku gaisa ba suna cikin waɗannan. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka zaɓi ɗaki don kawai ba a magana a cikinsa. In haraji kake so, ka bi haraji.

'Yan'uwa masu ɗaukar ma'aikata da ke cikinmu, ku ma akwai naku. Kalmar "bai iya mu'amala ba" ta zama bargon da ake lulluɓe son rai da shi, ana kore mai in'ina, da kurma, da mace mai kunya, da wanda harshensa ya nuna inda ya fito. Ku rubuta tambayoyinku tun kafin a shigo, ku yi wa kowa iri ɗaya, kowa ya ba da makinsa kafin a tattauna, ku ba da ɗan aiki na gaske a yi a gabanku. Da mun yi haka a wancan lokacin, da matar nan muka ɗauka tun farko. In kuma kun ƙi mutum, ku gaya masa takamaiman abin da zai gyara.

Ƙanena, ka rubuto labarai biyu daga cikin waɗanda na ce, ka turo mini ta akwatin saƙo tare da takardar neman aikinka. Zan duba su a ƙarshen mako, in ka yarda kuma mu yi gwajin intabiyu ta waya, ka ɗauki duk lokacin da kake bukata.