Wiki tsakanin ɗakunan karatu: abin da na gani a wajen aikinmu

Assalamu alaikum. Malama, na ga tambayarki tun jiya. Kin ce ɗakunan karatu uku da wata ƙungiyar adana tarihi a garinku suna son haɗa hannu, an ba ku shawarar buɗe wiki, ke kuwa kina ganin zauren WhatsApp ɗinku ya wadatar. Ni ma da haka na ɗauka, sai da aiki ya nuna mini.

Tsofaffin jaridu ne suka tilasta mana. Ɗalibi zai zo neman Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya ce ta wata kaza a shekara kaza yake so. Namu kundin da giɓi: wasu shekarun suna nan a ɗaure, wasu gara ta cinye. Sai mu ce ya gwada Arewa House a Kaduna ko Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, alhali wani lokacin kwafin yana ɗakin karatun maƙwabtanmu, tafiyar ɗan sahu ɗaya. Abin yana ci mini rai, don na san yadda kuɗin mota ke wa ɗalibi wuya. Mun sha tura jerin abin da kowa ke da shi a WhatsApp, amma kafin mako ya zagayo, gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure sun binne shi.

Wiki kuwa shafi ne da yake zaune wuri guda, duk wanda aka ba izini yana iya gyarawa. Tebur ɗaya muka yi: shekara, wata, wa ke da shi, da halin da takardar take ciki. Har irin su "shafi na uku ya yage" muna rubutawa. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya kusa ritaya, shi kaɗai ya san daga wane gida kowane littafin ajami ya fito. Duk Alhamis bayan azahar nakan zauna kusa da shi, yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya cikin gafakarsu yana faɗa, ina shigarwa. Yanzu ya yi ritaya, amma abin da ke kansa yana nan, sauran ɗakunan karatun ma suna dubawa.

Tsoron da shugabanni suka fi nunawa shi ne wani ya ɓata aiki. Ya kuwa faru. Wani sabon ma'aikaci ya goge teburin kakaf daga wayarsa, ya zo jiki na ɓari. Muka buɗe tarihin shafin, inda ake ganin wa ya canza me da kuma yaushe, muka dawo da na jiya nan take. Daga ranar hankalin oga ya kwanta.

Ki bambanta abu biyu. Akwai wiki na cikin gida, wanda za ku kafa da MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke kanta, ko DokuWiki wadda ta fi sauƙin kafawa; duka kyauta ne. Akwai kuma shiga Wikipedia ta Hausa da Wikimedia Commons, rumbun hotuna da Wikipedia ke amfani da shi, don duniya ta gani. Wannan ma da amfaninsa: tun 2016 ake gangamin 1Lib1Ref, inda kowane ma'aikacin laburare ke ƙara madogara ɗaya a wata maƙala, ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, AfLIA, mai hedikwata a Accra kuma ta jawo ma'aikatan Afirka ciki a 2020. Sai dai kada ku ɗora hoton rubutun gidan malamai a fili ba da yardar magada ba, kuma ku kula da haƙƙin mallaka.

Karon farko namu bai kai ko'ina ba, don mun so zuba komai lokaci guda, har da rahoton taro da jadawalin hutu, kuma ba a ɗora wa kowa alhakin kula ba. Shawarata ku zaɓi aiki ɗaya da yake damun ku duka huɗun, kowane ɓangare ya fitar da mutum ɗaya da zai riƙa leƙa sababbin canje-canje duk mako. In kina so, Malama, zan turo miki tsarin teburinmu ku fara da shi.