Yarona na dirowa da ka daga kan gada, wai atisayen Olamfik yake yi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni Bakabe ne a Argungu, gidanmu gidan masunta ne kaka da kakanni, ruwa ba baƙona ba ne. Amma abin da yarona ɗan shekara 15 ya tsiro da shi ya hana ni barci. Tun da ya ga 'yan Chaina a waya suna alkafura daga dogon dandamali a gasar Olamfik, shi da abokansa suka mai da gada wurin atisaye, da ka suke dirowa. Akwai wani mutum da ke karɓar kuɗi hannunsu, yana ce musu wasan daga 'yan bakin gulbi irinmu ya samo asali, wanda ya fi hawa sama shi ke cin zinare, kuma ruwa ba ya karya ƙashi. Shekaranjiya yaron ya dawo yana dafe da wuya, kunne ɗaya ba ya ji sosai. Na yi faɗa, ya ce zan toshe masa hanyar arziki. Don Allah ina asalin wasan nan, kuma in bar shi ko in hana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka hana shi, yau ɗin nan. Sauran bayanin don ka sami abin faɗa masa ne idan ya sake kawo zancen hanyar arziki.

Mutumin nan tun daga tushe ya shirga musu ƙarya. Ba masunta suka haifi wasan ba. 'Yan wasan motsa jiki ne na Jamus da Suwidin, masu alkafura a kan igiyoyi da sanduna, waɗanda a ƙarni na 19 kan kwashi kayan atisayensu su kai bakin ruwa idan zafi ya shigo. Turawan Ingila kuwa nasu daban ne: mutum ya tsunduma daga baki, ya miƙe sambal ba motsi, a ga wa zai fi nisa. Sun fara gasar wannan a 1883. Da 'yan Suwidin suka je Landan a ƙarshen ƙarnin suka nuna salonsu, sai abin ya karɓu, har aka kafa masa ƙungiya a can a 1901. A 1904 ya shiga Olamfik a birnin St. Louis na Amurka, wani likitan ido mai suna George Sheldon ya ci zinare. An yi na miƙewa sambal ɗin ma a shekarar, William Dickey ya ci da mita 19, daga nan aka ajiye shi, ban kuma jin akwai wanda ya yi kewarsa. A Landan a 1908 aka ƙara allon nan mai lanƙwasa da ke cilla mutum sama, a shekarar kuma aka kafa hukumar wasannin ruwa ta duniya, FINA, wadda yanzu ake kira World Aquatics. Mata sun shigo a Stockholm a 1912, Greta Johansson ta Suwidin ta fara ɗaukar zinarensu.

Afirka ma na da suna a ciki. A Amsterdam a 1928, Farid Simaika na Masar ya ci tagulla a allo, ya ci azurfa a dandamali. Da farko ma shi aka ce ya zo na ɗaya, har an buga taken Masar, sai alƙalai suka sake lissafi suka ba Pete Desjardins na Amurka. Amurkawa sun daɗe suna cin karensu ba babbaka, har zuwa Greg Louganis mai zinare huɗu a 1984 da 1988. A 1984 ɗin ne Zhou Jihong ta ciwo wa Chaina zinaren farko a wasan, kuma a Faris a 2024 duk zinare takwas da aka sa su suka kwashe.

Batun wanda ya fi hawa sama, wannan zancen teburin mai shayi ne. Dandamali mita 10 ne ga kowa, allo mita 3, ba mai ƙara ko taku ɗaya. Alƙalai bakwai ke ba da maki daga sifili zuwa 10, a zubar da biyu mafi yawa da biyu mafi ƙaranci, a haɗa ukun tsakiya a ninka da wahalar salon. Quan Hongchan, yarinyar nan da ta ci zinare a Tokyo a 2021 tana da shekara 14, alƙalai sun yi ta ɗaga mata goma-goma ne saboda ƙafafunta a haɗe suke kuma ta shige ruwa da kyar ya fantsama. Ƙarfin hali ba shi da maki ko ɗaya.

To, sai maganar da ta fi ƙona mini rai, wai ruwa ba ya karya ƙashi. Ba ranar da ba na jin ta, daga yara, daga iyayensu, har daga masu ilimin da ya kamata su san abin da suke faɗa. Wanda ya saki jiki daga mita 10 yana isa ruwa da gudun kusan kilomita 50 a awa, cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. A wannan gudun ruwa ba ya samun sukunin kaucewa. Ka faɗa da ciki, numfashinka ya ɗauke. Ka faɗa ta gefe, ruwan ya mari kunne ya fasa fatar dodonsa, abin da nake zargin ya sami yaronka ke nan. Ka sa ya rage gudun bidiyon da yake kallo ya dubi hannayensu. Tafi ɗaya ake ɗorawa a bayan ɗaya a damƙe, a miƙar da damatsa su matse kunnuwa, tafin ya buɗe wa kai hanya. Shekaru ake yi ana koyon wannan kaɗai, kuma duk da haka za ka ga wuyan hannunsu a naɗe da filasta.

Sannan ina suke faɗawa? Kwarmin wankan da aka gina don wannan, zurfinsa wajen mita 5, garau har ƙasa, shafaffe ba tudu ba gangare. Ana fesa ruwa a samansa don mai juyi a iska ya ga inda fuskar ruwan take. Yaro na fara koyo ne a kan katifa da ragar tsalle, an ɗaura masa bel mai igiya, malami na riƙe da ɗaya bakin. Daga nan bakin kwarmi, mita 1, mita 3, mita 5, mita 7 da rabi. Ranar da zai gwada sabon salo a kan busa iska daga ƙasa ruwan ya yi kumfa ya yi laushi. Da duk wannan tanadi, Sergei Chalibashvili na tsohuwar Tarayyar Sobiyat ya bugi dandamali da ka a gasar jami'o'i ta duniya a Edmonton ta Kanada a 1983, ya rasu yana da shekara 21. Louganis kansa allo ya fasa masa kai a Seoul a 1988, sai da aka yi masa ɗinki. Masu dirowa daga can sama, maza daga mita 27, mata daga mita 20, wasan da ma ba ya cikin Olamfik, da ƙafa suke shiga, kuma masu ceto na cikin ruwa suna jiransu. Su ke nan gwanayen duniya. Wane ne wannan mutumin da zai ce ya fi su sanin ruwa?

Gulbi kuwa, Alhaji, ka fi ni saninsa. Rairayi tafiya yake yi. Gurbin da ya shanye ƙato bara, bana iya ƙugu ne. A saki ruwa daga madatsar Goronyo ko ta Bakolori ya taho da kututture ya ajiye inda ya ga dama. Ƙarƙashin gada akwai duwatsu da ragowar kankare da rodi tun na lokacin gini, ga mamari, ga tsohon taru, ga ruwan da ba ka ganin tafin hannunka a cikinsa. Sai ka ji an ce ai ɗan masunta ne, a ruwa ya tashi. Iya ninkaya na fid da mutum daga nutsewa, ba ruwansa da ƙashin wuya. Wani kuma ya ce an ba shi laya. Layar ce za ta auna masa zurfi? Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Ga abin da ke faruwa. Kai ya taɓa ƙasa ya tsaya cak, nauyin gangar jiki kuwa na nan tafe a bayansa. Duk ya taru a ƙasusuwan wuya bakwai, ɗaya ya murƙushe, galibi wajen na biyar, ya danne laka. Sau da yawa yaron bai suma ba. Yana tasowa da fuska a kife, idonsa biyu, yana jin hayaniyar abokansa, amma hannu ya ƙi ɗaguwa balle ya juya ya shaƙi iska. Su kuma suna kan gada suna tafi suna ƙirga masa, wai yana nuna dogon numfashi. Wanda Allah ya sa aka ciro da rai, wani daga ranar sai an kwantar an tayar, a juya shi kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, a ba shi abinci a baki. Uwarsa ce za ta yi, ba mai karɓar kuɗin ba.

Abin da ya rage na lakar kuma mu ke ƙarasa shi da hannunmu. A fizgo yaro ta hammata kai na reto, a cusa shi tsakanin mutum biyu a kan kabu-kabu, a nufi gidan mai ɗori ya ja wuyan wai ya koma mazauninsa. Wuya ba tsintsiyar hannu ba ne. Duk wanda ya ja shi ko ya murɗa shi, komai sunan da ya gada, ganganci ya yi da rai. Idan abin ya faru, a juya shi fuska sama, kai da wuya da ƙirji su tafi tare, mutum ɗaya ya riƙe kan kada ya motsa, a zura ƙyaure ko faffaɗan katako ta ƙarƙashinsa tun yana cikin ruwa, a kwantar da shi a mota a miƙe sai asibiti. In ba ya numfashi, busa masa iska ke gaba da komai.

Yaronka ka kai shi babban asibiti yau, ko Birnin Kebbi, a duba wuyan, a ɗauki hoto idan likita ya ga dacewar haka. Ka tambaye shi ko yana jin yatsunsa na mutuwa ko wani abu na tsarga masa hannu, ka faɗa wa likita. Kada a yi masa tausa. Kunnen kuma kada a ɗiga masa mai ko ruwan wani ganye, kada ruwa ya shige shi sai an leƙa.

In ya warke yana son ruwa, ga Kabanci, wasannin ruwa na gargajiyar Kabawa, a ƙofar gidansa. A bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ake yi tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ana gasar ninkaya da nutso da tseren jirage da kamun agwagwa, a gaban Sarkin Ruwa da manyan da suka san gulbin. Na alkafura kuwa ka gaya masa gaskiya, masu yinsa tun ba su kai shekara goma ba suke farawa, kuma a kan katifa. Abin haushi ne a ce muna da yaran da suka iya iyo tun kafin su shiga makaranta, amma masu riƙe da harkar wasanni ba su tuna su sai ranar biki.

Shi kuma mutumin, kada ka tare shi kai kaɗai. Ka tara iyayen sauran yaran ku kai maganar gaban mai unguwa da Sarkin Ruwa, a tambaye shi inda ya koyi koyarwa da ranar da ya auna zurfin ƙarƙashin gadar nan. Kuɗin yaran ma ya mayar musu.