Abin da ke dawo da farar ƙwallo baya

Ka tambaye ni wai me ya sa in an daki farar ƙwallo daga ƙasa take bugun 'yar'uwarta ta dawo baya, amma a teburin sinukar da muka je gyarawa Tudun Wada ta ƙi dawowa. Da ka ajiye wayar nan ka sa ido lokacin da nake jan yadi, da ba ka yi wannan tambaya ba. Amma zauna.

Gogayya ce tsakanin ƙwallo da yadi. In ka daki ƙwallo a tsakiyarta, da zamiya take farawa, yadin yana cizonta daga ƙasa har ya tilasta mata juyawa. Kafin ta kama mirgina sosai ta zubar da kashi 2 cikin 7 na gudunta. Wani malamin lissafi na ABU da na taɓa yi wa aiki ya ce tun 1835 wani Bafaranshe mai suna Coriolis ya lissafa wannan a takarda. Ni dai hannuna ya riga takardar zuwa wurina. In ka dake ta daga ƙasa kuwa, tana tafiya gaba tana juyin baya. Idan ta riski ɗayar da sauran juyi a jikinta, sai ta miƙa mata gudun, juyin ya kama yadi ya jawo ta baya. Yadi mai gashi, ko wanda ya sha danshin damina, tun a hanya yake cinye juyin. Ciwon teburin Tudun Wada ke nan.

Wallahi tambayar nan ta tuno min wani mutum a Samaru, mai gidan kallon ƙwallo. Ya zo da daɗin baki, ya ba da kafin alƙalami, wai ciko sai ɗalibai sun dawo hutu. Na shimfiɗa wa teburin sinukarsa yadin ulu na gaske, na ja shi har in ka ɗora farce sai ka ji yana amsawa, na sa sabuwar roba a gefunan teburin, na daidaita ƙafafu da ma'aunin ruwa, wanda kumfar cikinsa ke nuna ko tebur ya karkace. Na ce masa a rufe da daddare, a share da buroshi, kada ruwa ya taɓa.

Hunturu na shigowa ya aiko wai tebur ya karkace. Na je na tarar da shi a ƙarƙashin rumfa, babu ko tsumma a kai, ƙura ta yi masa fari fat. Yaransa sun wanke yadin da ruwan Omo ya saki. Ƙwallayen kuma an shafe su da Vaseline wai don su yi ƙyalli! Maiƙo ya kwashi ƙura, in ƙwallo ta goga 'yar'uwarta sai ta riƙe ta ta ja ta gefe, ga rami a gabanta amma ta kauce. Allin sanda ya ƙare, sun koma na allon makaranta. Shuɗin allin nan garin yashi ne a cikinsa, shi ke sa fatar bakin sanda ta kama ƙwallo. Na makaranta ba ya cizo, sanda ta riƙa suɓucewa tana caccakar yadi, har sun yaga min shi kusa da ramin tsakiya.

Na ɗora ma'auni a gabansa, kumfa ta tsaya cak a tsakiya. Ya kalla, ya ce shi ba ruwansa da kumfa, kwastomomi sun ce tebur ba ya da kyau. Cikon kuɗina ko sisi. Daga baya na ji ya kira wani yaro sa'anka ya lulluɓa masa yadi mai araha, yana yawo yana cewa aikina ne ya lalace. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu komai sai ya yi sheƙi a hoto kafin ku yarda da shi. Tashi ka ɗauko ƙwallayen can ka goge su da busasshen ƙyalle, kuma in na ga ka kusanto su da mai, sai ka nemi wani ogan.