Na Bar Taba Na Koma Sigarin Lantarki, Me Ya Sa Jinina Yake Hawa?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita. Ni bakanike ne a Suame Magazine, ina zaune a Aboabo nan Kumasi, shekarata 36. Na daɗe ina shan sigari, bara na bari na koma irin na lantarkin nan mai ƙamshin mangwaro, wanda aka rubuta 5% da 10ml a jikin kwalinsa. Guda ɗaya yakan yi mini kamar kwana biyar. Kwanakin baya na tsaya a wani kemis aka auna ni, aka ce 148/94. Hankalina ya tashi, domin hawan jini ne ya shanye wa mahaifinmu ɓarin jiki, yana kwance har yanzu. Da na je asibiti, bayan dogon layi, nas ta auna ta samu 128/82, ta ce babu matsala. Wanne zan ɗauka? Abokan aikina sun ce abin tururi ne kawai, ba ya taɓa jini.

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Barin taba da ka yi babban abu ne, kuma kada wani abu da za mu faɗa a nan ya sa ka koma mata. Sai dai abokan aikinka ba su yi daidai ba. Abin da kake zuƙa yana ɗauke da nikotin, nikotin kuwa yana ɗaga jini ko ta wace hanya ya shiga jiki.

Mai yiwuwa awon nan biyu duka gaskiya ne. Ga dalili.

Idan ka zuƙa, nikotin yana ratsa huhu ya shiga jini, ya kai ƙwaƙwalwa cikin ɗan lokaci kaɗan. Daga nan sai ya taɓa jijiyoyin da ke tayar da jiki idan mutum ya firgita, ya kuma sa wasu 'yan sassa biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin. Sai zuciya ta ƙara sauri da ƙarfin bugu, ƙananan hanyoyin jini kuma su tsuke. Kamar tiyon wankin mota ne da aka ƙara wa ruwa sannan aka matse bakinsa da yatsa. Karan sigari ɗaya yakan ƙara lambar sama ta awon jini, wato irin 148 ɗin nan taka, da kamar 5 zuwa 10, bugun zuciya ya ƙaru da 10 zuwa 20 a minti. Na lantarki yana yin kusa da haka ko ƙasa kaɗan, gwargwadon ƙarfin ruwan da yadda mutum yake ja. Babban rahoton da cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka suka fitar a 2018 ya tabbatar da cewa bugun zuciya yana ƙaruwa jim kaɗan bayan zuƙar sigarin lantarki mai nikotin, ya kuma sami shaidar hauhawar lambar ƙasa, wato irin 94 ɗin nan taka.

Wannan hawan ba ya daɗewa. Cikin minti 20 zuwa 30 yakan fara sauka, kuma jiki yana rage rabin nikotin da ke jini cikin kamar awa biyu. A nan ne matsalar masu sigarin lantarki take. Mai kara yana kunnawa, ya sha, ya ƙare, ya yar da guntun, sai kuma an jima. Na lantarki ba shi da ƙarshe. Yana aljihun rigar aiki, a kwance inji a ja biyu, a wanke hannu da fetur a ja uku, ana jiran mai mota a ja, da dare yana ƙarƙashin filo. Ba ya wari, don haka har cikin ɗaki ana sha. Kafin hawan farko ya sauka an ɗora masa na biyu. A haka sai mutum ya wuni jininsa yana sama, daga asuba har ya kwanta.

Yanzu duba ranar da ka je asibiti. Ka yi awa biyu ko uku a kan benci, ba ka zuƙa ba, ba ka sha komai ba, ka huta. Nikotin ya ragu, aka auna aka samu 128/82. A kemis kuwa wataƙila ka ja a hanya, ka taho da ƙafa cikin rana, aka ɗaura maka abin awon kana magana. Likitoci sun san wannan a wajen masu shan taba: awon asibiti ya fito lafiya, amma idan aka ɗaura musu na'urar da ke auna jini awa 24 sai a ga yana sama da rana. Ana kiransa ɓoyayyen hawan jini, kuma yana lahani kamar wanda ya bayyana. Amma lura, tazarar 20 da ke tsakanin awonka biyu ta fi abin da nikotin kaɗai ya saba kawowa. Akwai hannun wasu abubuwan, za mu zo kansu.

Mu tsaya kan 5% ɗin nan, domin mutane da yawa suna ganin lambar ƙarama ce. Ma'anarta miligiram 50 na nikotin a cikin kowace mililita ɗaya. Naka mai mililita 10 yana ɗauke da miligiram 500 ke nan. Idan ka shanye shi a kwana biyar, miligiram 100 kake ƙonawa kullum. Ba duka ne ke shiga jini ba, wani yana fita da numfashi. To mu ce rabi ne ya shiga, miligiram 50. Karan sigari ɗaya yana shigar da kamar miligiram 1 zuwa 2, kwali mai kara 20 ya ba da 20 zuwa 40. Ka ga mai yiwuwa nikotin da kake sha yanzu ya fi na lokacin da kake shan taba. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana sayar da wanda ya wuce miligiram 20 a mililita, wato 2%. Naka ya ninka wannan sau biyu da rabi. Abin da ya sa ba ka ji a maƙogwaro shi ne irin waɗannan ana haɗa su da gishirin nikotin, wanda ba ya kartar wuya, ga zaƙi da ƙamshi a kai. Kartar wuyan nan ita ce take tsayar da mai shan taba. Da aka cire ta sai aka cire birki.

A nan Ghana hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta yi sanarwa a 2023 cewa sayar da waɗannan kayan da tallansu don nishaɗi ya saɓa wa dokar lafiyar jama'a ta 2012. Abin da wannan yake nufi a wajenka shi ne wanda kake saya babu hukumar da ta duba abin da ke cikinsa. Lambar jikin kwalin ba abin dogaro ba ce, har wanda aka rubuta 0% an sha gwadawa a wasu ƙasashe a sami nikotin a ciki.

Shin ya fi sigari sauƙi? Ta wani fannin, e. Babu kwalta, babu iskar kabon monosaid da ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Dundee ta Sikotilan, aka buga a 2019, ya nuna masu shan taba da suka koma na lantarki gaba ɗaya hanyoyin jininsu sun fara gyaruwa cikin wata ɗaya. Amma fin sigari sauƙi ba shi ne lafiya ba. A 2003 aka ƙirƙiro irin na zamanin nan a ƙasar Sin, don haka har yanzu babu wanda ya yi shekara talatin yana sha balle a ƙirga abin da ya yi masa. Mutumin da mahaifinsa ya kamu da shanyewar jiki bai kamata ya zama zakaran gwajin dafi ba. Mafi muni kuma shi ne haɗa biyun, na lantarki a gida, kara a wajen aiki. Mai yin haka bai tsira daga komai ba. Shisha ma kada ka ɗauke ta mafita, gawayinta yana cika jini da kabon monosaid.

Abin yi na farko shi ne ka san ainihin awonka. Nemi na'urar awo ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, ka tabbatar mayafinta ya zagaye dantsenka daidai. Masu aikin ƙarfi dantsensu yana da kauri, ƙaramin mayafi kuma yana ƙara lamba ta ƙarya. Minti 30 kafin awo kada ka zuƙa, kada ka ci goro, kada ka sha ataya ko kofi. Yi fitsari tukuna. Zauna a kujera mai jingina minti 5, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, ka ɗora hannu a tebur daidai ƙirji, mayafin a kan fata ba kan riga ba, kuma ban da magana. Auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin karin kumallo, sannan da dare kafin ka kwanta. Yi haka kwana 7, ka rubuta duka a takarda. Watsar da na ranar farko, ka fitar da matsakaicin sauran. A gida, 135/85 ko sama hawan jini ne. A asibiti ma'aunin 140/90 ne.

Ƙara wani gwaji guda, wanda mu muke ganin ya fi kowane wa'azi tasiri. Wata rana da rana tsaka ka auna bayan ka yi awa biyu ba ka zuƙa ba. Sannan ka ja yadda ka saba, ka jira minti 5, ka sake aunawa. Dubi lambobin biyu da bugun zuciya. Na biyun shi ne ya fi kusa da abin da zuciyarka da ƙodarka suke fama da shi duk wuni. Kai wa likita takardar, ka kuma faɗa masa kai tsaye kana shan na lantarki. Idan aka tambayi mutum ko yana shan taba yakan ce a'a, yana ganin gaskiya ya faɗa, sai likita ya rasa rabin labarin.

Sauran abubuwan da muka ce suna da hannu: gishiri ne a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na cikin dunƙulen magi, kifi mai gishiri irin su koobi da momoni, da yajin shito da ake zubawa a kan waakye, wato shinkafa da wake. Sai goro, ataya mai kauri da lemukan ƙarin kuzari, waɗanda sinadarin kafeyin ɗinsu yake hawa kan na nikotin. Sai magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da masu aikin gareji suke haɗiya kusan kullum. Suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci ma suna ɗaga shi. Da azumi kuma a kula da lokacin buɗa-baki, inda ake rama zuƙar wuni guda cikin rabin awa, a bi da ataya.

Game da bari, shawararmu ita ce ka sa rana cikin sati biyu masu zuwa. Kafin ranar, ka fitar da shi daga aljihu da ɗakin kwana, ka ajiye shi inda sai ka tashi ka je, ka ƙayyade lokutan sha, ka jinkirta zuƙar farko ta safe. Idan za ka sauka zuwa mai 2%, lura da kanka, domin da yawa suna ninka ja su rama abin da aka rage. Likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani zai iya ba ka filastar nikotin ta mannawa a fata, wadda akan fara da miligiram 21 a rana ga mai sha da yawa, a sauka 14, sannan 7, cikin sati 8 zuwa 12. Akwai cingam mai miligiram 2 ko 4. Ana tauna shi kaɗan har a ji yaji, sai a ajiye shi a gefen kunci, ba a tauna shi kamar na yara, in ba haka ba sai shaƙuwa da tashin zuciya. Za ka ce ai nan ma nikotin ne. Haka ne, amma yana shiga a hankali ba da tsalle ba, ana kuma rage shi har ya ƙare. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu wuya: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Cikin sati biyu zuwa huɗu yawancinsu suna lafawa. Kula da abinci a wannan lokacin, domin ƙiba ma tana ɗaga jini. Kuma duk inda ka ajiye na'urar ko ruwanta, yara kada su kai gare shi. Ƙamshin alawa yake yi, kaɗan daga cikinsa kuma guba ne ga ƙaramin yaro.

Idan matsakaicin awonka na gida ya kai 135/85, kada ka ce sai ka bar sha tukuna za ka ga likita. A yi biyun tare. Za a duba fitsari, aikin ƙoda da suga, in akwai buƙata a fara magani irin su amlodipine, kuma inshorar lafiya ta NHIS tana ɗaukar maganin hawan jini. Wanda aka riga aka ɗora kan magani kada ya daina don ya bar nikotin. Likita ne zai rage idan lambobin suka sauka.

Duk ranar da ka ga 180/120, ka huta minti 5 ka sake aunawa. Idan bai sauka ba, ka je asibiti a ranar. Idan kuwa ya zo da ciwon ƙirji, ƙarancin numfashi, matsanancin ciwon kai, dishin gani, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu ko ƙafa ɗaya, kada a tsaya awo, kada a tsaya jiƙo. A kira 112 ko a ɗauki mota nan take zuwa sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa, a kuma riƙe lokacin da alamun suka fara, domin shi likitoci za su fara tambaya.