Shin Shafin Bulog Zai Ƙara wa Gidan Abinci Ciniki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gidan abinci a Zariya, inda muke tuwon shinkafa da masa da dambu da farfesu. Ɗana ya dage sai na buɗe shafin bulog, alhali ina da Facebook, kuma kullum ina ɗora hotuna a sitatus na WhatsApp. Akwai abin da zai ƙara mini, ko ɓarnar data ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗanki yana da gaskiya, amma sai an fahimci wanda ake yi wa shafin. Abin da kika ɗora a sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, kuma masu ganinsa su ne waɗanda kuka ajiye lambar juna, wato mutanen da sun riga sun san hanyar shagonki. Na Facebook kuwa, cikin kwana biyu sababbin rubuce-rubuce sun danne shi. Rubutun bulog, wato shafinki na intanet da za ki riƙa ɗora rubuce-rubuce a kai, yana zama a adireshinsa na dindindin, Google kuma yana iya zaƙulo shi ko bayan shekara ne, ya miƙa wa baƙon da bai taɓa jin sunanki ba: uban da ya kawo ɗansa Jami'ar Ahmadu Bello yana neman inda zai ci abincin rana, ko uwar amaryar da ke neman wadda za ta dafa mata abincin walima.

Saboda haka abin da za ki rubuta ya fi inda za ki rubuta shi muhimmanci. Yawancin shafukan gidajen abinci suna mutuwa ne saboda masu su ba sa rubuta komai sai yabon kai, alhali babu mai shiga Google neman yabo. Ki tuna tambayoyin da ake yawan yi miki a waya, ki mayar da kowace ɗaya rubutu guda. Kula ɗaya ta shinkafa mutum nawa take ciyarwa? Kwana nawa kafin biki ya kamata a ba da oda, kuma nawa ne kafin alƙalami? Me kuke tanada na buɗa-baki a watan azumi, kuma ƙarfe nawa ake fara karɓa? A kowane rubutu ki ambaci sunan gari da unguwa da wata alama sananniya da ke kusa da ku, domin da irin waɗannan kalmomi mutane suke bincike. Idan zai yiwu, a ƙara taƙaitaccen bayani da Turanci a ƙasa, tunda ba kowane baƙon Zariya ne Bahaushe ba.

Wajen buɗewa, dandalin buɗe bulog mai suna Blogger ya wadatar da ke. Kyauta ne, yana hannun Google tun 2003, kuma adireshin Gmail kawai yake buƙata. Wani dandalin, WordPress, ya fi shi kayan aiki, amma ya fi shi neman kulawa. Sayen adireshi mai ƙarewa da .com.ng, wanda ake sabuntawa duk shekara, zai iya jira sai shafin ya kankama.

Sai dai a ganina akwai aikin da ya kamata ya riga bulog ɗin, wato rajistar shagon a Google Business Profile, wadda ita ma kyauta ce. Ita ce za ta sa gidan abincinki ya bayyana a taswirar Google tare da lokacin buɗewa da lambar waya, kuma a nan za ki liƙa adireshin shafin. A ƙarshen kowane rubutu kuma a sa mahaɗin WhatsApp: a rubuta wa.me/ sannan 234, sai lambarki ba tare da sifilin farko ba, ta yadda da an taɓa shi hira za ta buɗe.

Hotuna su zama na girkinki, a ɗauka kusa da taga da rana, lokacin da tuwon yake tururi. A rage nauyinsu kafin a ɗora, domin hoton wayar zamani yakan kai megabayit da yawa, kuma mai ƙaramar data ba zai tsaya jiran shafi mai nauyi ba.

Tambaya: To, sau nawa zan riƙa rubutu, kuma in sa farashi?

Amsa: Rubutu ɗaya mai amfani a mako biyu ya isa, muddin ba a daina ba. Farashi kuwa a sa shi, domin ɓoye shi yana korar mai saye, amma a tara shi a shafi guda mai ɗauke da kwanan wata, a gyara duk lokacin da kasuwa ta motsa. Ko da ɗanki ne zai riƙa ɗora rubutun, a buɗe Gmail ɗin da lambar wayarki, kalmar sirri ta kasance a hannunki, a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin tabbaci ta wayarki bayan kalmar sirri kafin a shiga. Shi sai ki gayyace shi a matsayin marubuci daga cikin saitin Blogger.