Ruwan garinku ba shuɗi ba ne

Ɗana, jiya muna wanke buroshi ka yi mini tambaya, na ce ka bari sai na samu natsuwa. Ka ce tun da ka baro Argungu kake mafarkin kogin Matan Fada, kana ganin kanka kana yaro a bakin ruwa, amma da ka farka ka ɗauki fensir sai abin ya fito kamar hoton kalanda, babu rai a ciki. Har kana tunanin ko ka rabu da mafarkin ka koma kwaikwayon hotunan waya.

Kada ka rabu da shi. Na duba kwalin da ka bari a kan benci, na kuma ga inda gizo yake saƙa: ka shafa wa ruwan shuɗin fenti. Tsakaninka da Allah, yaushe ka taɓa ganin Matan Fada da wannan launi? Shuɗin nan a littafin firamare ka ɗauko shi. Mafarkinka ya nuna maka gaskiya, hannunka ne ya koma ga abin da ya saba.

Ni a tsibiri aka haife ni, a ƙasar Yawuri, tsakiyar kogin Kwara. Ruwa biyu muke gani a shekara. Na damina shi ne farin ruwa, yana zuwa da laka, kamar an dama ƙullun koko. Sai hunturu ya shiga baƙin ruwa ya iso, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya bazu a fadamun Mali ya sauke lakarsa a can, ya ƙaraso mana garau. In ka tsaya a gefe kana ganin yatsun ƙafarka a kan yashi, in ka hangi tsakiya kuma sai ka ga duhu. Duk ɗan kogin da ya kalli zane, daga launin ruwan zai gaya maka ko wane wata ne. Saboda haka kafin ka buɗe gwangwanin fenti ka tambayi kanka: ruwan da na gani cikin barci, na wane lokaci ne?

A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya hau, aka tashi mutum sama da dubu 40. Tsohon garin Busa ya nutse, tsibirinmu ma haka. Ina yaro lokacin. Har yau nakan yi mafarkin ina tafiya a tsakar gidanmu a ƙarƙashin ruwa, tarwaɗa na shiga rumbu tana fita, mahaifina na zaune a gindin giginya ya maƙale taru da babban yatsan ƙafarsa yana ɗinke inda ya yage. Ba ni da hoton gidan nan ko guda. Abin da ya rage mini shi ne mafarkin, da abin da idona ya riƙe. Na fi shekara goma ina jin nauyin zana shi, sai wani direba ya kawo babbar mota ya ce in yi masa duk abin da na ga dama a baya. Na zana gidan, na zana tsohon da tarunsa. Bayan wata biyu direban ya dawo ya ce wata tsohuwa a kasuwar Yelwa ta tsaya bayan motar ta daɗe, ta ce wanda ya yi wannan ɗan ruwa ne, don ta ga yadda aka riƙe tarun da ƙafa. Yatsan nan shi ne duk abin da ta duba.

Irin wannan nake so ka tono daga naka yarintar. Ka ajiye gawayi da takarda kusa da shimfiɗarka. Da ka farka, kafin ka yi magana da kowa, ka zana abu ɗaya tak da ya fi tsaya maka, ko da rabinsa ne. Mafarki ba ya jiran hantsi. Cikon kuma sai ka zauna ka tuna. Masuncin garinku ba zaune yake a kan gora ba, kifa ƙirjinsa yake yi a kanta, bakinta na sama don jefa kifi, ga homa a kowane hannu. A zanenka ka ɗora shi kamar mai hawan jaki. Kwalekwalenka kuma yana bisa ruwa kamar an ajiye shi a kan tebur, alhali jirgin da ya ɗauki kaya nutsewa yake har sai yatsu huɗu suka rage tsakanin bakinsa da ruwa. Inuwarsa ta fi shi duhu, kuma a kakkarye take, don haka ka ja buroshi a kwance, gajeru-gajeru, kada ka shafe da hannu.

Hotunan waya ba haramun ba ne. Ka duba su in kana son tabbatar da siffar giwan ruwa ko ƙayar kurungu. Sai dai kusan duk hotunan Argungu na ranar bikin kamun kifi ne, bikin da ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Kowa ya ga dubban mutane na rugawa cikin ruwa. Ba kowa ya ga kogin da asuba ba, ranar da babu ganga babu baƙi, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, hayaƙin banda na kwance a kan ruwa, inna na goge tukunya da yashi. Kai ka gani.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri. Akwai katakon da ya rage daga allon mai shayi, ka shafa masa fari ya bushe. Za mu haɗa ruwan ƙasa da ɗan rawaya da ɗigon kore, kai za ka riƙa cewa a ƙara ko a rage har sai ka ga ruwan garinku. Shuɗin kuma ka mayar da shi kan kanta.