Yadda ya kamata a tsara ɗakin tuƙin ƙaramin jirgin kamun kifi

Tambaya: Ina gyaran jirgin kamun kifi mai tsawon mita 10 da muke fita teku da shi daga Takoradi a ƙasar Ghana, kuma kafinta yana jiran in nuna masa inda zai kafa kayan ɗakin tuƙi. Da me zan fara?

Amsa: Malam, ka fara da idon matuƙi, domin doka ta 5 cikin dokokin hana karon jirage a teku na shekarar 1972 ta wajabta wa kowane jirgi sa ido da kasa kunne a kowane lokaci. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, ka tsaya inda matuƙi zai tsaya, ka tabbatar kana hangen gaba da gefuna biyu, sannan ka waiwaya. Waiwayen nan shi ne ya fi damuna, saboda idan a bayan ɗakin ake jan taru kuma babu taga ta wannan ɓangaren, igiya za ta iya naɗe ƙafar masunci alhali injin jan tarun yana ci gaba da juyawa. Ka buɗe taga a baya, ka sa makashin injin inda hannun matuƙi zai kai ba tare da ya saki sitiyari ba. Totur da giya da rediyon sadarwa na VHF, wanda ake neman agaji a tasharsa ta 16, su ma kada su yi masa nisa.

Gilashin gaba kuwa a karkatar da samansa waje. A manyan jirage ƙa'idar ita ce digiri 10 zuwa 25, kuma ina ganin ƙananan ma su bi ta, domin tana hana hasken na'urorin ciki faɗawa kan gilashi da dare. Ido yana buƙatar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin ƙwan lantarki guda kuma ya isa ya ɓata wannan nan take, don haka a sa jan haske mai rauni da na'urorin da ake iya rage haskensu.

Kamfas na maganaɗisu a nisanta shi daga lasifika da rediyo da ƙarfe, in ba haka ba zai nuna maka hanyar da ba ita ba. A shimfiɗa daɓen da ba ya santsi, a kafa mariƙai masu ƙwari, a goge kaifin kusurwoyi. A bar mafita ta biyu ko da taga ce mai faɗi, kuma a kau da bakin salansa daga ƙofa, domin hayaƙin inji yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari.